Ciwon da aka gani a makare

A zaman makoki a nan Dakoro ana tambayar yaushe aka yi rasuwar, ana tambayar ko mamacin ya jima kwance, a yi addu'a a shafa. Ba a tambayar sunan ciwon, balle ranar da aka gano shi. In wani ya yi karambani ya tambaya, amsar ba ta wuce uku: masassara ce, ciwon ciki ne, ko kwana ne ya ƙare. Ta ukun gaskiya ce, babu Musulmin da zai musa ta. Sai dai tsakanin ranar da aka fara kai mutum gidan likita da ranar da aka san abin da ke cinsa sau da yawa akwai kwanaki, wani lokaci watanni, a wani gari ma da zan ambata shekara goma sha biyar. Waɗannan kwanakin su ne zancena a wannan fitowa ta ɗan littafinmu. Ina so in bi sawun wata ƙara mai wuyar sha'ani, wadda mutum zai tsaya gaban alƙali ya ce: likita bai yanke ni ba, bai ba ni guba ba, ya dai dube ni bai ga abin da ke jikina ba sai da lokaci ya ƙure, don haka a biya ni. Yaushe aka fara sauraron irin wannan ƙara, kuma mi ya sa take da wuya haka a wajenmu?

Da yawa cikinmu sun ɗauka kai mai magani ƙara al'adar Nasara ce. Ba haka ba ne. Littattafan da malamanmu na zaure ke karantarwa sun riga Nasara isowa nan da zancen. A cikin Muwaɗɗa, a babin diyya, Imamu Malik ya yi magana kan mai magani da ya zo yi wa yaro kaciya ya zarce inda ya kamata ya tsaya: diyya ta wajaba, kuma tunda kuskure ne ba ganganci ba, danginsa ne za su haɗu su biya. Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya kawo wannan hukunci a Bidayatul Mujtahid a matsayin abin da malamai suka haɗu a kai. Akwai kuma hadisi a wajen Abu Dawuda da ke nuna wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, abin da ya ɓata yana wuyansa. Ke nan askar wanzami tana da hisabi tun a nan duniya. Malik ya fi mu imani da ƙaddara nesa ba kusa ba, amma bai ga ƙaddara ta hana diyya ba. Ai kisan kuskure ma, wanda babu niyya a cikinsa ko kaɗan, Alƙur'ani ya sa masa diyya a Suratun Nisa'i, aya ta 92.

To amma a lura da irin misalan da malamai ke kawowa. Aikin hannu ne: aska ta zarce, an cire haƙorin da ba shi ke ciwo ba, an shayar da magani fiye da kima. Ga rauni a fili, ga wanda ya yi shi, ga shaidu. Shi kuwa wanda aka kawo wa yaro da zafin jiki ya ce shawara ce, ya ba da saiwa a jiƙa, bayan kwana huɗu wuya ya sanƙare, ashe sanƙarau ne, mi za a kama a hannunsa? Bai taɓa yaron da ƙarfe ba. Ciwon da ya kashe yaron da shi ya zo. Laifinsa, in laifi ne, na ido ne, ido kuwa ba ya barin tabo.

Zuwan Faransawa bai gyara wannan ba, ya ma ƙara nisa tsakanin mai ciwo da mai magani. A 1905 suka kafa hukumar duba lafiyar ƴan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma da ke hannunsu, a 1918 suka buɗe makarantar likitanci a Dakar mai fitar da mataimakan likita baƙar fata. Abin da ya fi damunsu annoba ce: agana, sanƙarau, kuturta. A tara gari a layi, a duba, a yi lamba, a wuce. Likitan Nasara sau da yawa soja ne, kuma shi da kumandan jirgi ɗaya ya kwaso su. Har 1946 talaka yana ƙarƙashin dokar andijena, wadda ta ba kumandan damar kulle mutum kwanaki ba tare da shari'a ba. Wanda ake kullewa don ya makara da lanho ba shi ne zai miƙe ya ce ba a duba ɗiyarsa da kyau ba. Dakoro kanta sai a 1947 ta zama mazaunin mulki. Ka ga gidan likita ya iso mana ne a matsayin kyautar hukuma, abin da hukuma ta ba ka kyauta kuwa godiya ake yi. Ina ganin har yau ba mu rabu da wannan ba. Dubi yadda dattijo mai furfura ke rusunawa gaban majo sa'an jikansa, ya amshi takardar magani da hannu biyu, bai tambayi ko mi aka ce yana damunsa ba.

Abin mamaki, a can gidansu Faransawan sun daɗe suna maka likitocinsu a kotu, kuma da dokar da muka gada daga gare su suke yi. Kundin dokar farar hula, wanda asalinsa na 1804 ne, ya zo da aya ta 1382, ma'anarta duk wanda laifinsa ya jawo wa wani ɓarna gyaran yana kansa. Daga nan masana shari'a suka fitar da abu uku da mai ƙara zai nuna: laifi, ɓarna, da igiyar da ta ɗaure su wuri ɗaya. A 1835 kotun ƙolin Faransa ta tabbatar da hukunci kan wani likita mai suna Thouret-Noroy, wanda ya je tsaga wa wani mutum jijiya don rage masa jini, aikin wanzami sak, ya huda babbar jijiya, ya kuma yi watsi da majinyacin har hannu ya ruɓe aka yanke. Wannan Malik ma da ya yanke shi. A 1936, a shari'ar da aka sani da Mercier, kotun ta ce likita bai ɗauki alkawarin warkarwa ba, alkawarinsa shi ne kulawa cikin natsuwa bisa abin da ilimin zamaninsa ya kai. Daga wannan ne aka gina fahimtar da ake bi har yau: kuskuren gane ciwo shi kaɗai ba laifi ba ne. Laifi shi ne barin binciken da likita mai lura zai yi, ko ƙin tura majinyaci gaba bayan alamu sun nuna abin ya fi ƙarfinka.

Ko an nuna laifin, saura igiya, nan ne kuma ƙararraki ke tsinkewa. Misali biyu daga Ingila sun isa. Da safiyar sabuwar shekara ta 1966 wasu masu gadi uku a Landan suka je asibiti suna amai bayan sun sha shayi. Likitan da ke aiki, shi ma ba ya jin daɗi, bai fito ya dube su ba, ya aiko a ce su koma gida su ga likitocinsu. Ɗayansu, Barnett, ya mutu bayan ƴan awoyi. Guba ce a cikin shayin. Matarsa ta kai ƙara. Alƙali ya yarda likita ya yi sakaci, amma ya ce ko da an kwantar da shi maganin gubar ba zai riske shi a kan lokaci ba. Ba ta samu ko sisi ba. Na biyun wani yaro ne ɗan shekara 13, Hotson, da ya faɗo daga itace ya bugu a ƙugu, asibiti bai gano raunin ba sai bayan kwana biyar, ya nakasa. Masana suka ce ko an gano ranar farko, kashi 75 cikin 100 nakasar za ta zo. Alƙalin farko ya ba shi rubu'in diyya, don kashi 25 ɗin da aka ɓatar masa. A 1987 kotun ƙoli ta soke, ta ce ko dai jinkirin ne ya nakasa shi ko ba shi ba, babu tsaka-tsaki.

Faransawa sun bi wata hanya. A watan Disamba na 1965, a shari'ar wani yaro da aka yi kuskuren gane raunin gwiwar hannunsa, kotun ƙolinsu ta yarda a biya shi damar warkewa da ya rasa. Wato ba sai ka nuna da an gano da wuri lalle da ka warke ba. Ya isa ka nuna kana da rabo, kuma jinkirin ya cinye rabon. A auna shi, a biya gwargwadonsa. A ganina wannan shi ne karon da shari'a ta yarda cewa lokaci ma dukiyar majinyaci ce. Kuma alƙalanmu da lauyoyinmu da wannan karatun aka yaye su, ba da na Ingila ba.

Mu dawo gida, ga garin da na ce zan ambata. Tibirin Gobir, wanda Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kilomita kaɗan ne daga Maraɗi, mu masu sauka daga Dakoro ba baƙonmu ba ne. A 1985 aka fara ba garin ruwan pampo daga rijiyar burtsatse mai zurfi. Wa zai ƙi? Ruwa garau, babu laka, babu kurkunu, mata sun huta da guga. Abin da ba a gani shi ne sinadarin da ake kira fuliyor, wanda ke fitowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Ba shi da launi, ba shi da wari, tafasawa ba ta kore shi. Kaɗan daga cikinsa yana kare haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa iyaka: miligiram 1.5 a lita ɗaya ta ruwan sha. Da aka zo aka auna na Tibiri, ya ninka wannan iyaka sau uku zuwa huɗu.

Jiki ba ya fitar da shi duka, yana ajiye saura a haƙori da ƙashi. Babba da ƙashinsa ya gama ginuwa yakan jima bai ji komi ba. Yaro kuwa da shi ake gina ƙashinsa. Ƙara da zafin ƙasarmu, inda ake shan ruwa da yawa, da ƙarancin nono a cimar yaran talakawa, wanda ke sa abin ya fi kamawa. Alamar farko a baki take: haƙoran dindindin su fito da ɗigo-ɗigo fari kamar alli, daga baya su rine ja-ja kamar na tsohuwar da ta shekara tana cin goro da fure. Daga nan sai ƙafafu, wani ya yi gwame, wani su buɗe kamar baka, ga ciwon gaɓoɓi, wasu har kai ya ƙara girma.

Yanzu sa kanka a matsayin majon da aka kawo wa yaro ɗaya mai lanƙwasassun ƙafafu. Mi za ka ce? Ya yi kama da laushin ƙashi na rashin cima mai kyau, wanda ka karanta a makaranta. Uwar tana tunanin shan inna, kakar tana tunanin iska, maƙwabta suna cewa gado ne. Kowanne yana da kamar gaskiya in yaro ɗaya ake dubawa. Ciwon Tibiri ba ya nuna kansa a jikin yaro ɗaya. Sai an jera su, an tambayi shekarar haihuwar kowa, an ga yayyensu da suka girma da ruwan rijiya ƙafafunsu a miƙe suke, an ga ƙauyen da pampo bai kai ba babu irin wannan. Aikin ƙirga ne, kuma ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Awon ruwan kansa abu ne da ake yi a ɗakin bincike cikin yini. Amma sai wajen shekara ta 2000 aka haɗa ƙafafun yara da bakin pampo. Shekara goma sha biyar ana haihuwa, ana yaye, ana dama fura da wannan ruwa.

Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, ita ta ɗauki maganar ta tsaya kan a biya diyya. A wajen 2001 labari ya fita duniya cewa yara fiye da 400 ƙashinsu ya lalace, a 2002 kuma ita da ƙungiyar FIDH ta ƙasa da ƙasa suka fitar da rahoto kan yaran Tibiri. A daidai wannan lokaci, a 2001, aka rushe kamfanin ruwa na ƙasa, SNE, wanda ke sayar da ruwan, aka raba aikinsa biyu: SPEN ta riƙe kadarori a madadin gwamnati, SEEN ta amshi rarraba ruwa da hannun kamfanin Vivendi na Faransa a ciki. Wato ranar da iyaye suka san wanda za su nuna da yatsa, ranar ya tuɓe riga, sai gwamnati ta rage a gabansu.

Mi ya sa Tibiri ta iya zama maganar diyya, alhali dubban makara irinta sun bi iska? Don abu ukun nan sun cika. Akwai lamba da aka auna, akwai iyakar da duniya ta sani, akwai hukumar da auna ruwa aikinta ne. Ga kuma ɗaruruwan shaidu da ransu, hujjarsu a bakinsu da ƙafafunsu, ba a cikin kabari ba. Amma a lura, ƙorafin ya fi karkata kan mai ruwa, wato kan hannun da ya miƙo moɗa. Ni kuwa shekarun rashin ganin ne suka fi tsaya mani a rai. Lissafi ne mai sauƙi: da an gano a 1990, lokacin da yaran farko suka fara canza haƙori, duk wanda aka haifa a 1992 ko 1995 da bai kurɓi ruwan ba ko sau ɗaya. Wannan ba ma rabo ba ne na kashi 25, lafiyarsa ce ɗungum. Rufe rijiya kuma ba ya miƙar da ƙafar da ta riga ta ƙage a lanƙwashe. Waɗannan yaran yau magidanta ne da matan aure, sun haura shekara talatin.

Ƙetaren iyaka an ga irin wannan, da sauri kuma da muni. A farkon 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Ƴargalma, yara ƙanana suka riƙa amai, su yi jijjiga, su mutu. Duk wanda ya ga yaro na jijjiga a ƙasar Hausa zazzaɓin sauro zai ce, ko sanƙarau. An ba da maganin sauro bai yi ba. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bin sawun sanƙarau suka lura da yawan mutuwar, aka aika jini waje, amsa ta dawo: dalma ce. Mutane na kawo duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna cikin yara 463 ƴan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara ɗaya. Jimillar waɗanda suka rasu ta kai aƙalla 400. Garin Bagega kuwa, bayan an san ciwon sarai, sai 2013 aka fara yi wa yaransa magani, don ba shi da amfani a wanke jinin yaro a maida shi cikin ƙurar, kuɗin kwashe ƙasar kuma sai a watan Janairu na shekarar gwamnatin tarayya ta sake su, bayan matasa sun yi ta kururuwa. Abin da aka yi gwagwarmaya a kai a can kwashe ƙasa ne, ba diyya ba. Wa ma za a kai ƙara? Uban da ya niƙa dutsen a tsakar gidansa don ya ciyar da yaran?

Inda kuɗi suka fito sosai a ƙasar Hausa shi ne Kano. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a binciken da ya haɗa yara 200, 11 suka rasu. A 2009 ya sasanta da jihar Kano kan dalar Amurka miliyan 75, a 2011 iyalai huɗu na farko suka amshi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar ƴaƴansu ne. Nan ma aikin hannu ne, an ba da ƙwaya an sha, ga kamfani mai kuɗi, ga lauyoyi har Amurka. Duk da haka shekara goma sha biyar aka yi.

Dakoro fa? Tsakaninmu da Maraɗi kilomita ɗari da ƴan kai, wanda ke rugga a arewacin Tarka ko wajen Gadabeji kuwa kafin ya iso Dakoron ma ya yi tafiya. A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, da suke nazarin mutuwar mata wajen haihuwa, sun kasa jinkiri gida uku: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawar da ta dace bayan an iso. Shari'a na ukun kaɗai take dubawa. Lauyan da ke kare asibiti kuwa na farko da na biyu zai riƙe: kun yi kwana nawa kuna jiƙe-jiƙe? Amalanke kuka hau ko babur? Sai igiyar ta tsinke tun ba a ja ta ba. Mun ma ga hukuma da kanta ta makara. Bayan fari da fārin ɗango na 2004, MSF ta buɗe cibiyar tamowa a nan Dakoro a 2005. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi agaji a watan Mayu, bai zo da ƙarfi ba sai da hotunan yaran Maraɗi suka fita a talabijin a Yuli, a Agusta kuma shugaba Tandja yana gaya wa BBC babu yunwa a ƙasar. A wannan shekara MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar. Wannan wace kotu za ta saurara?

Wanda muka fi saba da shi bai kai wannan girma ba, kuma kowace damina yana dawowa. Tun 2010 OMS ta ce kada a ba da maganin zazzaɓin sauro sai an gwada jini, ga ɗan gwajin nan na yatsa ya kai har ƙananan gidajen likita na ƙauye. Ci gaba ne na gaske. Amma yana da tarko. A lokacin palu yara da yawa suna ɗauke da ƙwayar a jininsu, gwaji zai nuna layi biyu ko da wani abu daban ne ke cin yaron. Layi biyu sun fito, an rubuta palu, an rufe tunani. Taifot kuwa da zazzaɓi take farawa ita ma, tabbatar da ita sai an shuka jini a ɗakin bincike, in an bar ta ta shiga sati na biyu ko na uku tana iya huda hanji.

Haka ta faru da ɗiyar gwaggona, ƴar shekara tara. Sau uku aka kai ta wani gidan likita da ba zan ambata ba, sau uku aka ce palu. Ran kwana na goma ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, aka tura ta babban asibiti, aka yi mata aiki aka tarar hanji ya huje. Ta ƙara kwana biyu. Bayan sadakar arba'in na ce, "Gwaggo, kin san ana iya kai irin wannan gaban shari'a?" Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wa za mu kai? Yaron da munka iske shi kaɗai na, ga mata sun hi ɗari bakin ƙohwa. Mu tada mai hankali yau, gobe in ƙanenta ya kwanta wurin wa za mu tahi?"

Ba ta ce ƙaddara ba, a lura. Hujja biyu ta kawo, kuma duka biyun masu nauyi ne: na farko, mutum ana auna shi da abin da ke hannunsa, na biyu, ba ka faɗa da rijiya ɗaya tilo ta gari. Na yarda da ita kan zuwan farko, har ma na biyu. Na ukun ne ban yarda ba. Yarinyar da ta shanye maganin sauro cikakke zazzaɓi bai sauka ba, ta dawo, ta sake dawowa, ba na'ura ake buƙata ba a san a tura ta gaba. Takarda ce da sa hannu. Wannan shi ne ainihin abin da hukuncin 1936 ke nufi da kulawa cikin natsuwa, kuma bai fi ƙarfin talaucinmu ba. Sai dai ban ga amfanin a rataya shi duka a wuyan yaro ɗaya mai allura ba. Ma'aikacin gwamnati ne, kuskuren da ya yi a bakin aiki gwamnati ce ke ɗauka, ita ce kuma ta bar shi shi kaɗai da mata ɗari. Ke nan ƙarar, in za a yi ta, tsakanin Gwaggo ne da gwamnatin Nijar. Sai lauya a Maraɗi ko Yamai, sai kuɗin mota na shekaru, sai likitan da zai yarda ya rubuta cewa ɗan uwansa ma'aikaci ya makara, a ƙasar da likitoci kaɗan ne kuma kusan duk sun san juna.

Kafin duk wannan ma sai takarda. Tibiri ta samu lambarta daga kwalbar ruwa, Zamfara daga kwalbar jini, Kano daga jerin sunayen yara 200. Mu abin da muke da shi karne ne, ɗan littafin nan da ake saya a bakin gidan likita. Na nemi na yarinyar, Gwaggo ta ciro shi daga ƙasan kwalla, naɗe cikin leda. Layi uku ne da biro shuɗi, kowanne da kwanan wata, da zafin jiki, da kalmar palu, da sunan ƙwayoyi. Na huɗu da wani hannu daban, shi ne na turawa. Daga kwanan farko zuwa na huɗun kwana tara. Alƙalin da ya bi hanyar 1965 zai miƙa wa masani wannan shafi ya tambaye shi kashi nawa cikin ɗari kwana taran nan suka ci, sannan ya cire na gida da na hanya. Gwaggo ba ta yi boko ba, ba ta san abin da layukan suka ƙunsa ba. Ta ajiye shi ne don an gaya mata sunan ɗiyar ne rubuce a bangon.